Yadda Ake Gano Ko An Kwashi Fayiloli Daga Kwamfutarka Ta Bluetooth Ko Wi-Fi

Mai son kwashe takardun ofis a yau ba ya buƙatar filash. Wayarsa tana aljihu, kuma minti biyar ɗin da ka tashi ka bar kwamfuta a buɗe sun ishe shi. Sai dai ka sani tun farko: Windows ba ta ajiye sunayen fayilolin da aka tura ta Bluetooth, sai in an riga an umurce ta da sa ido. Aikin bin sawu ne, irin na makiyayin da dabbarsa ta ɓata. Za ka tattara alamu, ka gwada lokutansu da juna.

Kafin komai, kada ka goge ko ka cire wani abu, kada kuma ka kunna manhajar share shara. Duk abin da ka gani, ɗauki hotonsa ka rubuta rana da lokaci.

Fara da Bluetooth. Shiga Settings, sannan Bluetooth & devices, ka duba na'urorin da aka taɓa haɗawa. Sunan wayar da ba ka sani ba abin tambaya ne. Mai wayo yakan cire sunan bayan ya gama, don haka buɗe Device Manager, danna View, zaɓi Show hidden devices, ka sake dubawa a ƙarƙashin Bluetooth. In kana da ƙarfin hali, buɗe regedit, manhajar duba ma'ajiyar saitunan Windows, ka bi wannan hanya: HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\Services\BTHPORT\Parameters\Devices. Kowace na'ura tana da lambarta a can, kuma in ka danna Name sau biyu za ka ga sunanta a gefen dama. Kallo kawai za ka yi, kada ka sauya ko harafi ɗaya.

Alamar da na fi ba wa muhimmanci tana cikin Prefetch, folda da Windows ke ajiye bayanan manhajojin da aka kunna. Manhajar da Windows ke tura fayil da ita ta Bluetooth sunanta fsquirt.exe, kuma idan aka kunna ta takan bar shaida. Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta prefetch, ka nemi fayil mai farawa da FSQUIRT.EXE. Ranar da aka sabunta shi ita ce ranar ƙarshe da aka buɗe manhajar. Tun daga Windows 8, wannan fayil yana riƙe lokuta 8 na ƙarshe da aka yi amfani da ita, kuma ƙaramar manhajar WinPrefetchView ta NirSoft tana karanta bayanansa. Ka yi hattara: kada ka buɗe fsquirt da kanka don gwaji, domin lokacinka zai hau kan shaidar da kake nema. Haka kuma ana karɓar fayil da ita kamar yadda ake turawa, saboda haka ganinta kaɗai bai tabbatar da sata ba.

Sai Wi-Fi. Sau da yawa mutum yakan kunna intanet ɗin wayarsa ya jona kwamfutar, don kada abin ya bi ta layin ofis. Buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, rubuta netsh wlan show profiles, za ka ga sunayen hanyoyin da kwamfutar ta ajiye. Sannan rubuta netsh wlan show wlanreport, ka sami rahoton kwana 3 da suka wuce. In abin ya fi haka daɗewa, shiga Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru a kwamfuta, bi Applications and Services Logs, Microsoft, Windows, WLAN-AutoConfig, Operational. Lamba 8001 na nufin an haɗu, 8003 an rabu, kowacce da sunan hanyar da lokacinta.

Daga nan, a Settings ƙarƙashin System, leƙa Nearby sharing, hanyar tura fayil ga kwamfutar da ke kusa, wadda ta shigo Windows 10 a 2018. In ka same ta a kan Everyone nearby alhali ba kai ka sa ba, rubuta. Duba ko an girka Quick Share, manhajar tura fayil tsakanin waya da kwamfuta, ko an haɗa baƙuwar waya da Phone Link, mai haɗa waya da Windows. Kada ka manta da tarihin burauza, domin Xender da WhatsApp duk ana buɗe su ta can ba tare da girka komai ba. Sashen Data usage kuma yana nuna yawan datar da kowace manhaja ta ci cikin kwana 30.

Yanzu haɗa lokutan. Danna Windows da R, rubuta shell:recent, ka ga fayilolin da aka buɗe kwanan nan. In takardar albashi ta buɗe ƙarfe 1:40, an kunna fsquirt 1:42, kai kuma kana masallaci a lokacin, to magana ta fara nauyi. Lamba 1102 a rajistar Security ta cikin Event Viewer tana nuna an share rajistar da gangan. Duk da haka, alama guda ba ta isa a nuna wa abokin aiki yatsa ba. Zargi kan ɓata zumuncin shekaru.

In al'amarin zai kai ga kotu ko 'yan sanda, daina amfani da kwamfutar ka miƙa ta ga ƙwararre ya kwafi faifanta. In ba haka ba, kashe Bluetooth da Nearby sharing, ba ma'aikata asusun da ba shi da ikon girka manhaja, ka kunna sa ido kan muhimman fayiloli don lamba 4663 ta riƙa rubuta wanda ya taɓa su. Kuma duk sanda za ka tashi, danna Windows da L ka kulle allon.