Yadda za ka fara fahimtar addinin Hindu

In kana so ka gane addinin Hindu to ka ajiye abin da ka gani a fina-finan Indiya tukuna, waƙa da rawa ba su ne addinin ba. Fara da sanin cewa ba mutum ɗaya ne ya kafa shi ba, kuma ba littafi ɗaya gare su ba, Veda ma, wato tsofaffin littattafansu masu tsarki, guda 4 ne. Ni dai shawarata kar ka fara da Veda, akwai wahala sosai, ka nemi fassarar Bhagavad Gita, babi 18 ne baiti 700, hira ce tsakanin Krishna, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, da jarumi Arjuna a filin yaƙi, kana karantawa kana lura da dharma wato abin da ya wajaba a kanka, da karma, duk abin da ka shuka shi za ka girba ko da a wata rayuwar ce don su sun yarda ana sake haihuwar mutum har sai ya samu moksha, wato kuɓuta daga wannan sake haihuwar.

Sai ka duba jawabin malamin Hindu Swami Vivekananda a Chicago ta Amurka a 1893, daga nan Turawa da Amurkawa suka ƙara rububin abin, yanzu kuma yoga ce ta fi jan mutane, wasu ma motsa jiki kawai suka ɗauke ta.