Darasi: Haraji da Gasar Jawo Kamfanoni Tsakanin Jihohi

Kowace jiha tana son kamfani ya zo ya kafa masana'anta a cikinta, domin matasa su sami aikin yi, kasuwa ta buɗe. Cikin dabarun da jihohi ke jawo masu zuba jari da su har da haraji, wato kuɗin da gwamnati ke karɓa daga jama'a da kamfanoni don ta yi ayyuka.

Mu duba Amurka, mai jihohi 50, inda kowace jiha ke yanka nata harajin. Teksas ba ta cire haraji daga albashin mutum. A Kalifoniya kuwa, masu samun kuɗi da yawa suna biyan har kashi 13.3 cikin ɗari. A 2021 kamfanin Tesla, mai ƙera motocin lantarki, ya ɗauke hedikwatarsa daga Kalifoniya ya koma Teksas. Amma fa Apple da Google suna nan daram a Kalifoniya, kusa da jami'o'i irin su Stanford da ke yaye ƙwararrun ma'aikata. Ita ma Teksas ba kyauta take zaune ba: harajin gidaje da filaye a can yana da nauyi.

Labarin jihar Kansas ya fi cancanta mu tsaya a kansa. A 2012 Gwamna Sam Brownback ya zaftare harajin kuɗin shiga, ya kuma yafe shi gaba ɗaya ga ribar ƙananan kamfanoni da yawa. An ce kasuwanci zai bunƙasa har ya cike giɓin. Hakan bai faru ba. Baitulmali ya rame, aka riƙa ɗibar kuɗin gyaran tituna ana toshe ɓaraka, makarantu suka shiga matsi. A 2017 majalisar dokokin jihar ta soke yawancin rangwamen, duk da gwamna ya hau kujerar naƙi. Abin da ke ba ni takaici a nan shi ne, yaran da makarantunsu suka rasa kuɗi a waɗannan shekaru su ne ma'aikatan da kamfanoni za su nema gobe.

Akwai kuma rangwame na musamman ga kamfani guda. A 2017 jihar Wiskonsin ta yi wa kamfanin Foxconn, mai haɗa kayan lantarki, alkawarin tallafin da zai kai dala biliyan 3, shi kuma ya ce zai ɗauki ma'aikata 13,000. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A 2021 aka sake yarjejeniya: ma'aikata 1,454, tallafi kuma ya sauko zuwa dala miliyan 80. Da ma an ɗaure tallafin da yawan mutanen da aka ɗauka aiki, shi ya sa asarar ba ta kai yadda za ta kai ba.

Mai zuba jari yana tambayar nawa ne harajin, haka ne. Yana kuma tambayar ko akwai wuta, ko hanya tana da kyau, ko dokar da aka kafa bana za ta kai baɗi.

Aikin aji: Ku kasu gida biyu. Wasu su zama 'yan majalisar jiha, wasu wakilan kamfani mai neman rangwame. 'Yan majalisa su rubuta sharaɗi ɗaya da za su gindaya kafin su amince, su karanta wa aji da babbar murya.