Yadda za ka gyara kwanciyarka numfashi ya sake da dare

Da hunturu ya kankama a Katsina, wajen Disamba zuwa Janairu, koken kowa iri ɗaya ne: hanci ya toshe, maƙogwaro ya bushe, uwargida ta ce minshari ya hana ta runtsawa. Ƙura tana da nata laifin, amma sau da yawa kwanciyar ce ba daidai ba.

Fara da barin rigingine. Idan barci ya yi nauyi naman maƙogwaro yakan saki, harshe ya zame baya ya matse hanyar iska, karkarwar naman nan kuwa ita ce minsharin. Koma gefe. Gefen dama shi ne sunna, da shi nake farawa. Mai fama da ƙwannafi kuma, in dare ya yi nisa ya juya hagu, don ruwan ciki bai cika tasowa ba ta wannan ɓangaren. Rub da ciki ban yarda da shi ba sam, wuya yake murɗewa, ga shi an hana a hadisi.

Sai dai kowa ya iya kwantawa ta gefe, kwana a haka ne aikin, kuma nan na ga mutane da yawa sun sare. Ka yi addu'arka a gefen dama, ƙarfe biyun dare ka tsinci kanka a miƙe kana kallon silin. Ni ma na sha wannan. Na fara da tokare baya da matashi, kullum da asuba sai in tsince shi a ƙasa. Turawa ƙwallon tanis suke ɗinkewa a bayan rigar barci. Mu goruba ta ishe mu. Kai wa tela singileti ya yi maka ƙaramin aljihu a baya, daidai tsakanin kafaɗu, ka jefa goruba ɗaya ciki. Duk sanda ka mirgina za ta tokare ka, ka koma gefe ba tare da ka wartsake ba. Kuskurena na farko shi ne jallabiya na kai masa. Goruba ta riƙa zamewa haƙarƙari, ta hana ni kwanciyar gefen da nake nema. Dole rigar ta kama jiki. Kada ka sa wadda aka gwaigwaye, ƙaiƙayi gare ta. Daren farko da na biyu za ka ji haushina, ka daure ka yi makonni kafin ka yanke mata hukunci.

Matashi guda ɗaya, mai kaurin da zai cike tsakanin kunne da kafaɗa. Masu jibga uku don "kai ya ɗaga" haɓa kawai suke dannewa kan ƙirji, wuya ya lanƙwashe. In ɗagawa kake so, sa bulo ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai, tsawon santimita 15 zuwa 20. Mai katifa a ƙasa ya ninke bargo ya cusa ƙarƙashinta. Ba sai ka kashe ko kwabo ba.

In mura ce, ƙofar hancin da ke ƙasa ita ke cushewa, don haka mai da wadda ta toshe sama. Ka ci tuwon dare da wuri, a samu kamar awa 3 kafin kwanciya. Kaskon gawayi kuwa ya fita daga ɗaki kafin a rufe ƙofa, komai sanyi. Hayaƙinsa kisa yake yi.

Mai ciki daga mako 28 ta riƙa kwanciya ta gefe. Jaririn da bai shekara ba kuwa akasin haka ne, a rigingine ake kwantar da shi.

In iyali sun ce numfashinka yana ɗaukewa ka farka a shaƙe, ko ba ka iya barci sai a jingine ga ƙafa na kumbura, wannan ya wuce aikin goruba. Je asibiti a duba maƙogwaro da zuciya.