Yadda Ake Saita BIOS Ko UEFI a Kwamfutar Tebur

Kafin Windows ko Linux su bayyana a fuskar kwamfuta, akwai wata ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin babban allon cikin na'urar, wadda ita ce ke fara aiki da zarar an danna maɓallin wuta. Ita ke duba furosesa da RAM da faifan ajiya, sannan ta miƙa ragama ga babbar manhaja. An san ta da sunan BIOS tun zamanin kwamfutar IBM ta 1981, amma kwamfutocin yanzu suna amfani ne da magajinta UEFI, wanda ya samo asali daga wani aikin kamfanin Intel kafin a kafa ƙungiyar da ke kula da ƙa'idojinsa a 2005. Saitunan da ke cikinta ba ɗaya suke ba wajen haɗari. Wasu ko an taɓa su babu abin da zai faru, wasu kuma canji guda ya isa ya hana Windows tashi, don haka hanyar da ta fi dacewa ita ce a canza abu ɗaya, a adana, a gwada, sannan a koma ga na gaba.

Mataki na farko ana yin sa ne tun daga cikin Windows. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msinfo32, ka nemi layin BIOS Mode, inda za ka ga an rubuta UEFI ko Legacy, ka riƙe wannan amsar domin za a buƙace ta a gaba. Idan an kulle faifanka da BitLocker, wato tsarin Windows na kulle bayanan faifai, ka nemo lambar buɗe shi mai alƙaluma 48, wadda galibi ake ajiyewa a asusunka na Microsoft, ka rubuta ta a takarda, saboda taɓa saitunan tsaro na Secure Boot ko TPM, waɗanda za a zo kansu a mataki na huɗu, na iya sa kwamfutar ta nemi lambar kafin ta buɗe. Ka kuma tanadi allon madannai mai waya, domin na Bluetooth sau da yawa ba ya aiki sai babbar manhaja ta tashi.

Mataki na biyu shi ne shiga. Ka kunna kwamfutar ka riƙa danna maɓallin da ya dace akai-akai tun kafin tambarin kamfani ya ɓace: Del a allunan ASUS da MSI da Gigabyte, F2 a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo ThinkCentre. Idan kwamfutar tana tashi da saurin da ba ka samun zarafi, ka riƙe Shift ka latsa Restart a cikin Windows, ka bi Troubleshoot, sai Advanced options, sai UEFI Firmware Settings.

Da ka shiga, kada ka taɓa komai tukuna. Ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka, musamman shafukan Boot da Security da na faifan ajiya, domin hotunan ne za su nuna maka yadda abubuwa suke idan ka rikice. Allunan ASUS da MSI suna buɗewa da sauƙaƙƙen shafi, sai an danna F7 cikakkun saituna ke fitowa. Ka duba kwanan wata da agogo. Idan suna komawa baya duk lokacin da aka zare wuta, batirin allon ne ya mutu, wato ɗan batirin nan mai faɗin kwabo samfurin CR2032 mai ƙarfin volt 3, kuma canza shi ba ya ɗaukar minti biyar.

Mataki na uku shi ne jerin tashi, wanda ke ƙarƙashin Boot. Kwamfuta tana bin jerin daga sama zuwa ƙasa har ta sami inda babbar manhaja take, saboda haka Windows Boot Manager, ko sunan Linux ɗinka, shi ya kamata ya zauna a sama. Wanda ke son tashi daga filashi sau ɗaya kawai, domin girka manhaja, ba ya buƙatar sauya jerin, tunda akwai maɓallin zaɓen wucin gadi: F12 a Dell da Lenovo da Gigabyte, F9 a HP, F8 a ASUS, F11 a MSI.

Mataki na huɗu shi ne wanda ya fi buƙatar natsuwa, kuma yawanci Windows 11 ce ke kawo mutane gare shi, musamman tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0 da kuma tashi ta hanyar UEFI mai iya ɗaukar Secure Boot. TPM wani sashe ne da ke adana makullan sirri, kuma a yawancin kwamfutocin zamani yana cikin furosesa, wani lokaci a kashe kawai yake. A na Intel sunansa PTT, a na AMD kuma fTPM, sai ka neme shi a Security ko Advanced ka mayar da shi Enabled. A kusa da shi akwai wani zaɓi mai suna Clear TPM, wanda ke goge makullan gaba ɗaya; wannan ba abin gwaji ba ne, ka wuce shi.

Secure Boot kuwa, wato tsarin da ke hana manhajar da ba a amince da ita ba tashi tare da kwamfuta, ba ya kunnuwa muddin CSM, wato sashen da ke kwaikwayon tsohon BIOS, yana aiki. A nan ne amsar da ka samo daga msinfo32 za ta yi amfani. Idan UEFI ta nuna, ka kashe CSM ka kunna Secure Boot. Idan Legacy ta nuna, to an girka Windows ɗinka ne a kan faifai mai tsarin MBR, tsohon tsarin da ba ya iya amfani da fiye da kimanin terabayit 2, kuma kashe CSM zai sa kwamfutar ta daina ganin Windows kwata-kwata. Dole ne a fara mayar da faifan zuwa sabon tsarin GPT da manhajar mbr2gpt da ke cikin Windows 10, bayan an kwafe muhimman fayiloli zuwa wani wuri, sannan a dawo a kashe CSM. Irin wannan tarkon yana nan a saitin SATA Mode, wanda ke zaɓen yadda allon ke hulɗa da faifan ajiya: idan an girka Windows a kan RAID ko Intel RST aka mayar da shi AHCI, ko akasin haka, abin da zai biyo baya shi ne shuɗiyar fuska mai ɗauke da saƙon INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Bayanan ba su ɓace ba, mayar da saitin yadda yake yana gyara lamarin, amma a ganina babu dalilin taɓa shi sai lokacin sabon girki.

Mataki na biyar ya shafi saitunan ƙarin aiki. RAM samfurin DDR4 da aka rubuta wa saurin 3200 sau da yawa yana gudu ne a 2133 ko 2400 har sai an kunna XMP, saitin da ke ba RAM cikakken saurinsa, wanda ASUS ke kira DOCP a allunan AMD, yayin da DDR5 na AMD ke amfani da EXPO. Bayan kunna shi kwamfutar na iya jinkiri da baƙar fuska ko ta sake tashi da kanta sau biyu, sai ka yi haƙuri ka bar ta. Idan kuma daga baya ta fara daskarewa, shi ne abin zargi na farko. Mai amfani da VirtualBox ko makamancinsa, wato manhajar da ke tafiyar da wata babbar manhaja a cikin wata, zai kunna Intel Virtualization Technology ko SVM Mode a AMD. Akwai kuma Restore on AC Power Loss, wanda ke yanke abin da kwamfuta za ta yi idan wuta ta dawo bayan ɗaukewa. Ƙarfin wutar furosesa da saurinsa kuwa, a bar su a Auto.

Kalmar sirri iri biyu ce: ta Administrator ko Supervisor tana hana shiga saituna, ta User ko Power-On tana hana tashi baki ɗaya. Ka rubuta ta a wuri amintacce, domin a kwamfutocin ofis da dama cire batiri ba ya goge ta.

Mataki na ƙarshe shi ne adanawa. Ka zaɓi Save & Exit, wanda F10 ne a yawancin alluna, ka karanta jerin canje-canjen da za a nuna maka kafin ka amince. Idan Windows ta ƙi tashi, ka koma ka mayar da abin da ka canza bisa hotunanka, ko ka zaɓi Load Optimized Defaults. Idan ko tambari bai fito ba, ka zare wayar wuta, ka danna maɓallin kunnawa na wasu daƙiƙu domin sauran wutar ta fita, ka cire batirin na minti biyar, ko ka haɗa ƙusoshin da aka rubuta wa CLR_CMOS kamar yadda littafin allon ya nuna. Wannan yana mayar da komai kan saitin masana'anta, don haka bayan ta tashi sai ka gyara agogo, ka kuma duba SATA Mode da CSM su dace da hotunan da ka ɗauka kafin ka bar Windows ta yi yunƙurin tashi.