Bayan CS, wato tiyatar ciro jariri ta ciki, kwana nawa ya kamata ki yi a asibiti kafin a sallame ki?

Amsar a taƙaice dai kwana 2 zuwa 4 ne in komai ya tafi lafiya lau, amma dan Allah kar ki riƙe wannan lissafin ki je kina ja-in-ja da nas-nas a kansa, domin mata biyu za a yi wa aiki rana ɗaya a ɗaki ɗaya, ɗaya ta tafi gida jibi ɗayar ta kwashe sati a kwance, kuma ba wadda aka zalunta a cikinsu. Abin da ake dubawa shi ne jikinki, jikin jaririn, sai kuma inda za ki koma, wato waye zai kula da ke a gida kuma nisan gidan da asibiti ya kai yaya. Wannan na ukun shi mutane suka fi mantawa, ni kuma a ganina shi ne ma ya kamata ya yanke hukunci in na farko da na biyu sun yi daidai.

Ko ƙasashen da ake ganin sun yi nisa a harkar lafiya bakinsu bai zo ɗaya ba. A Ingila hukumar NICE mai tsara musu ƙa'idojin magani ta yarda a sallami mace bayan awa 24 da yin CS, in dai tana murmurewa yadda ya kamata, babu zazzaɓi babu wata matsala. A Amurka kuwa tun 1996 suka yi doka cewa kamfanin inshora ba shi da ikon ƙin biyan kuɗin kwanciyar mace har awa 96 bayan CS, kwana 4 kenan, haihuwar da aka yi da kai kuma awa 48. Hukumar Lafiya ta Duniya WHO ita ma ta ce ko wadda ta haihu da kanta lafiya ƙalau ta yi aƙalla awa 24 a asibiti, toh ina ga wadda aka buɗe wa ciki. Sai dai kafin ki ce ai a Ingila kwana ɗaya ake yi nima bari in tattara kayana, ki sani su can ungozoma ce ke bin maijego har gida tana duba ta da jaririn. In ba ki da mai biyo ki gida, kwana ɗayan nan ba naki ba ne.

Yanzu ga yadda za ki gane ko kin kai sallama. Ranar farko ba a ma maganar tafiya, ranar sa ido ce, saboda zubar jini mai haɗari ya fi faruwa a awa 24 ɗin farko, shi ya sa za ki ga ana ta zuwa ana danna miki mara a ji ko mahaifa ta tsuke, ana leƙa audugar da ke jikinki, ana auna jini da bugun zuciya, ya dame ki ko bai dame ki ba ki bari su yi aikinsu. In allurar baya ta kashe zafi aka yi miki ƙafafunki za su ɗau wasu awanni kafin su dawo naki. Da zarar sun saki kuma an ba ki izini, ki daure ki tashi, a riƙe ki ki taka ko daga gado zuwa bakin ƙofa ne. Na san wannan tashin na farko ba wasa ba ne, ji za ki yi kamar cikin zai zazzago ƙasa, amma ba zai zazzago ba, ki sa filo ki dafe wurin ɗinkin ki juya ta gefe sannan ki sauko da ƙafa. Wannan ɗan takun shi ke hana jini daskarewa a jijiyar ƙafa, shi ke tada hanji, kuma kusan duk macen da aka sallama da wuri za ki tarar ta tashi da wuri.

Robar fitsari yawanci ana cire ta wajen awa 12 zuwa 24 bayan aikin in kin fara takawa. Bayan an cire dole ki yi fitsari da kanki, mai yawa ba ɗigo-ɗigo ba, in awa 6 suka wuce shiru ki faɗa kar ki ji kunya. Sai maganar abinci, yanzu asibitoci da yawa ba sa barin mace da yunwa kamar da, ana fara ba ta ruwa da abu mara nauyi cikin awanni kaɗan in ba ta amai, amma ki bi abin da likitanki ya ce dan shi ya ga cikin. Sai tambayar da kowace nas za ta yi miki kina sunkuyar da kai, kin yi tusa? Ki amsa tsakani da Allah, fitar iskar nan ita ce shaidar hanji ya farka. Bayan gida kam zai iya kai kwana 3 ko 4 bai zo ba, wannan shi kaɗai ba ya hana sallama in iska na fita kuma cikin bai kumbura ya yi tauri ba.

Ciwo kuma, ba wai sai ya ɗauke gaba ɗaya za a sallame ki ba, in haka ne ai sai ki yi wata a can. Abin da ake so shi ne ya zama ƙwayoyin sha irin su paracetamol da ibuprofen suna iya riƙe shi ba sai an yi allura ba, kina iya zuwa banɗaki da kanki, kina iya ɗaukar jaririnki ki ba shi nono. A duba jininki bai yi ƙasa sosai ba, ba kya jiri in kin miƙe, babu zazzaɓi, wurin ɗinki a bushe. In duk waɗannan sun cika a kwana na 2, madalla. In sai a na 4 suka cika shi ma ba laifi.

Akwai waɗanda tun farko su sa a ransu za su jima. Wadda aka yi wa aikin gaggawa bayan ta daɗe tana naƙuda ko faya ta fashe tun tuni, ita haɗarin shigar ƙwayoyin cuta ya fi yawa a kanta, wani lokaci sai ta gama allurai ta jijiya. Wadda ta zubar da jini har aka yi mata ƙari, wadda aka taɓa mata mafitsara a wurin aiki dole robar ta jima a jikinta, mai ciwon suga, mai sikila, mai ciwon zuciya. Sai uwa-uba mai hawan jini, nan zan ɗan tsaya.

Mutane da yawa gani suke da an ciro jariri shikenan hawan jinin ciki ya tafi. Ba haka ba ne. Jinin maijego yakan ƙara hawa ne tsakanin kwana na 3 zuwa na 6 bayan haihuwa, daidai lokacin da yawanci an riga an koma gida kowa ya saki jiki, kuma jijjiga tana iya kama mace bayan haihuwa ko da ba ta taɓa yi da ciki ba. Dan haka in kin yi fama da hawan jini likita ya ce ki ƙara kwana biyu, ki ƙara kawai, kar maigida ko 'yan uwa su matsa. In kuma an sallame ki toh a tabbata akwai inda za a riƙa auna ki a kwanakin nan, ko a sayi na'urar awo a ajiye a gida. Daga 140/90 ya hau, a sanar da likita. In ya kai 160/110 ba a jiran gari ya waye.

Shi ma jaririn yana da tasa sallamar daban, sau da yawa ma shi ke riƙe uwar. Ana so a ga ya kama nono da kyau, yana sha sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, ya yi fitsari ya yi kashin farko mai baƙi-baƙin nan, jikinsa da ɗumi numfashinsa daidai. Ruwan nono sosai yakan zo ne wajen kwana na 3, bayan CS yana iya ɗan ƙara jinkiri, kafin nan dakashi ne kuma ya ishe shi, ɗan cikinsa bai da girma. Shawara ita ma ta iya zaɓen lokaci, ta fi fitowa kwana na 3 zuwa na 5, dan haka in kun koma gida ki riƙa duba idonsa da fatarsa a hasken rana ba na ƙwan lantarki ba. Wadda ta fito tun a awa 24 na farko kuwa ba a wasa da ita ko kaɗan. In bakwaini ne ko an sa shi a kwalba, zai yiwu a sallame ki shi a riƙe shi, ki tambaya ko akwai wurin da iyaye mata ke zama kusa, domin zirga-zirga a mota kullum da ɗanyen ɗinki wahala ce ta gaske.

Ranar da aka ce za a sallame ki kar murna ta sa ki fita ba ki yi tambaya ba, kuma ya fi kyau mai jinyarki ko maigida yana tsaye yana ji, ke a gajiye kike rabin maganar za ta wuce ki. Ki tambaya me ya sa aka yi aikin kuma wane irin yanka aka yi wa mahaifar, a rubuta miki a kati, dan wannan zai yi amfani a ciki na gaba. Ki tambaya zaren mai narkewa ne ko na cirewa, in na cirewa ne yawanci kwana 5 zuwa 7 ake yi, a faɗa miki rana da wuri. Magungunan da aka ba ki kowanne sau nawa kuma har yaushe, in an haɗa miki da codeine ki tuna musu kina shayarwa dan ba a son shi ga mai shayarwa. Wasu matan ana ba su allurar hana daskarewar jini su ci gaba da yi a gida na kwana 10, wasu har sati 6, in kina cikinsu a koya miki ko a koya wa wani kafin ku fita. In rukunin jininki negetif ne jaririn kuma fozitif, allurar anti-D cikin awa 72 ake yin ta, kar ki bar asibiti ba a yi maganarta ba. Sai ki karɓi lambar da za a kira in wani abu ya taso da dare.

In ke ce kike son tafiya da wuri, na gane, gadon asibiti ba daɗi, ga hayaniya ga yara a gida ga kuɗin gado na ta hawa. Amma ki zauna ki yi lissafin gaskiya. Akwai babba da zai zauna da ke dare da rana a satin farko? Akwai abin hawa in an buƙata ƙarfe biyun dare? Gidan bene ne, banɗakin na nesa? In kin san komawa gida na nufin ki hau wanki da girki da ɗaukar yaro ɗan shekara biyu, wallahi ƙarin kwana ɗaya a asibiti ya fi miki sauƙi a kan a dawo da ke ɗinki ya buɗe. Sa hannu a takarda a fita ba da yardar likita ba kuwa, ban ba kowa wannan shawarar ba. In kuma su ne suke son sallamarki ke kina jin ba ki kai ba, kar ki ce musu kawai ban shirya ba, ki faɗi takamaiman abu, ina jiri in na tashi, ban yi fitsari sosai ba, yaron bai kama nono ba, ba ni da kowa a gida. Irin wannan maganar likita ke iya aiki da ita.

Daɗewa fiye da kima ita ma ba gwaninta ba ce. Mace lafiyayya da ta cika sharuɗɗan nan ba abin da kwana 7 a kan gado zai ƙara mata, barci ma ba ta samu, ga zama cikin marasa lafiya.

Bayan kin koma gida, kwanakin da ya kamata a fi sa ido su ne na satin farko zuwa na biyu, ciwon ɗinki ma yawanci kwana na 4 zuwa na 7 yake nuna kansa. A koma asibiti nan take in jini ya ɓalle har kina jiƙa auduga guda cikin awa ɗaya ko gudaji manya na fita, in zazzaɓi ya kai 38, in wurin ɗinki ya yi ja ya kumbura yana fitar da ruwa ko mugunya, in jinin biƙi ya fara wari, in sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, in numfashi na yi miki wuya ko ƙirji na ciwo, in ciwon kai mai tsanani ya zo da gani dishi-dishi ko ciwo a saman ciki. Akwai wani ciwon kan kuma na allurar baya, wanda in kin zauna ko kin miƙe sai ya taso in kin kwanta ya lafa, shi ma a faɗa wa likita akwai abin da ake yi masa. Kuka ba dalili a kwanakin farko ya zama ruwan dare, amma in ya wuce sati 2 ko kina jin tunanin cutar da kanki ko jaririn, wannan ma rashin lafiya ce ta zuwa asibiti, kar a tsaya ana ce miki ki yi haƙuri. Jariri kuma in ya ƙi nono, ya yi laushi, jikinsa ya yi zafi ko sanyi, ko yana numfashi da sauri, a tafi da shi.

Ko ba abin da ya faru akwai ranakun dubawa da WHO ta tsara wa kowace maijego da jaririnta, cikin awa 24 na farko, sai tsakanin awa 48 zuwa 72, sai tsakanin kwana 7 zuwa 14, sai kuma sati na 6. Wanda ya same ki kina asibiti an yi shi kenan, sauran ki sa a rubuta miki ranakunsu a kati kafin ki fita. Daga nan zuwa sati 6 ɗin kar ki ɗaga abin da ya fi jaririnki nauyi, ki riƙa ɗan takawa kullum, wurin ɗinki a wanke a tsane shi ya bushe, maganar tazarar haihuwa kuma a yi ta tun kafin sati 6 ɗin su cika, dan mahaifar da aka ɗinke ana so ta huta aƙalla wata 18 kafin wani cikin ya shiga.