Tsatsar ƙafar mota: kurakuran da na gaji da gani

Mai sayen mota 'yar Kwatano fenti da kujeru yake fara dubawa, kuma tun daga nan yake yin kuskure. Da yawa daga motocin nan Amurka da Kanada suka fito, kuma a jihohi irin su Michigan da Ohio da New York gishiri ake barbaɗa wa titi lokacin ƙanƙara. Gishirin yana cin ƙarfen ƙarƙashin mota, jiki kuwa na ta ƙyalli.

Ni ma abin ya taɓa ci na. Na sayi Sienna, ashe an shafe ƙasanta da baƙin fenti an rufe tsatsa. Wata huɗu lowa-am na dama, wato ƙarfen da ke riƙe taya ta ƙasa, ya tsage. Bakanike ya ce, "Alhaji, walda kawai za a yi masa," ni kuma na yarda don gudun kashe kuɗi. Ba a rufa wata ba ya ɓalle a hanyar Zariya, taya ta karkace, ga iyalina a ciki. Allah ne ya kiyaye. Don Allah ku daina yi wa ƙafar mota walda! Ƙarfen da tsatsa ta cinye ba ya riƙe wuta, gefen ɗinkin ne zai sake karyewa. Yanzu ba na biyan ko sisi sai an hau rami, na shiga da tocila da sukundireba ina ƙwanƙwasawa. In ƙarfe na zubowa kamar ɓawon itace, ciniki ya ƙare.

Wasu kuma garanti suke sa wa rai. Garantin Toyota na Amurka shekara 3 ne ko mil 36,000, na tsatsa shekara 5, shi ma sai ta huda jikin mota. A 2016 kamfanin ya amince da sulhun kusan dala biliyan 3.4 kan tsatsar firam ɗin Tacoma da Tundra da Sequoia, amma na masu mota a can ne, bai iso Kano ba.

In ka je Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano, kada sunan Beljiyam, wato kayan gyara na hannu da aka shigo da shi daga waje, ya ruɗe ka, shi ma zai iya zama daga ƙasar gishiri. Ni lowa-am nakan ɗauki Beljiyam mai tsabta, shokozoba kuwa sabo na kamfanin KYB, in na tabbatar ba jabu ba ne.

Shokozoba bibbiyu ake canzawa, hagu da dama. Kada a ɗaure notin bushin tamau sai an sauke mota daga jak, in ba haka ba robar yagewa za ta yi. Daga garejin kuma ka zarce wajen alayimen, wato daidaita saitin tayoyi.