Kurakuran da ke cinye wa ɗalibai maki a fiziks da lissafi

Duk wanda ya daɗe yana duba aikin masu shirin WAEC ko NECO ko JAMB ya san ba a tambaya mai wuya yawancin maki ke zubewa ba. Kurakurai ne 'yan kaɗan ake ta maimaitawa, bana kamar bara, har abin ya ishe ni.

Uwarsu ita ce wasa da ma'auni. A ce mota tana gudun kilomita 72 a awa, direba ya taka birki, ta tsaya cik cikin sakan 5. Ana neman raguwar gudunta. Sai ɗalibi ya raba 72 da 5, ya samu 14.4, ya manna m/s² a gefe, ya wuce abinsa. Ya zuba awa da sakan a tukunya ɗaya ke nan. Kilomita mita 1,000 ce, awa kuma sakan 3,600, don haka sai an fara raba 72 da 3.6 a samu mita 20 a sakan. Amsar 4 m/s² ce, kuma motar za ta ci mita 50 kafin ta tsaya, ba 180 ba. Abin da ya fi ɓata min rai, dutsen da aka sako daga sama ma gudun mita 9.8 a sakan yake ƙarawa a kowane sakan. Wace motar haya ce birkinta zai ba da 14.4 a kan kwalta? Da ya tsaya ya dubi amsar da idon hankali, da ita kanta ta tona kanta.

A murabba'i abin ya fi muni. Mita ɗaya santimita 100 ce, amma murabba'in mita ɗaya murabba'in santimita 10,000 ne. Saboda haka 50 cm² ya zama 0.005 m², ba 0.5 ba, kuma wanda ya sa 0.5 a lissafin matsi amsarsa ta kauce ninki ɗari. Haka zafi a dokokin iskar gas. Daga digiri 27 zuwa 54 na Salsiyas, sai ka ji an ce girman iskar ya ninka. Ina! Ƙara 273 tukuna: daga 300 ne zuwa 327 a Kelbin, ƙarin kashi 9 cikin ɗari kacal.

Kada wani ya ce min wannan ƙaramin abu ne. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter, saboda wata manhaja tana fitar da alƙalumanta da ma'aunin fam, wadda ke karɓa kuma tana ɗaukarsu a matsayin niyuton. Fam ɗaya na ƙarfi ya kai kusan niyuton 4.45. Kumbon ya yi ƙasa fiye da kima a sararin duniyar Mas, aka neme shi aka rasa.

Al'adata ita ce kafin in taɓa kowace fomula, sai na jera abin da aka bayar a gefen hagu na takarda, na mayar da kowanne mita, kilogiram, sakan. Sannan ina jan ma'aunin a kowane layi har ƙarshe. In ana neman tazara na ga m/s ya fito, na san akwai ɓaraka a sama. Wasu malamai na ganin ɓata lokaci ne a zauren jarrabawa. Ban yarda ba.

Na biyu shi ne haddar fomula ba tare da sanin sharaɗinta ba. Ku daina, don Allah! Ba karatun allo ba ne da za a biya a wanke. Fomular s = ut + ½at² (s tazara, u gudun farko, a ƙaruwar gudu, t lokaci) tana aiki ne kawai idan ƙaruwar gudu ba ta canzawa, kuma sai ka zaɓi ɓangaren da zai ɗauki alamar tarawa. An jefa dutse sama da gudun mita 20 a sakan, g kuma, wato ƙaruwar gudun da jan ƙasa ke jawowa, a ɗauke ta 10. In sama ce tarawa, to a = −10, dutsen ya kai ƙololuwa cikin sakan 2, a tsayin mita 20. Wanda ya sa +10 zai samu 60, wato dutsensa ƙara gudu yake yi yana hawa. A ƙololuwar kuma gudu ne ya zama sifili, jan ƙasa yana nan daram. Zana hoton, sa kibiya, sannan ka fara rubutu.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. (a + b)² ba a² + b² ba ne. Gwada da 3 da 4, ka ga 49 a nan, 25 a can. In aka ba ka x² = 5x, kada ka raba da x, za ka jefar da x = 0; kwaso komai gefe ɗaya ka fitar da x(x − 5) = 0. Kilogiram na mas ne, wato yawan abin da jiki ya ƙunsa, niyuton na nauyi, ko da yake a bakinmu duka nauyi muke cewa: buhun siminti mai kilo 50 nauyinsa kusan niyuton 490 ne. Kada ka datse lambobi a tsakiyar aiki, bari sai layin ƙarshe.

Kalkuleta kuwa, kafin a raba takardar tambayoyi danna sin 30. In ta ba ka 0.5, tana kan digiri. In ka ga −0.988, tana kan radiyan, wani ma'aunin kusurwa na daban, kuma za ka ga ƙaramin R a saman gilashin maimakon D. Gyara ta nan take, musamman in aro ka yi.